Jami'ar Da Na Kushe A Dubai

Gobe bizata za ta mutu, kuma wannan ce intabiyu ta ƙarshe da ta rage min a Dubai. Manajan, wani dattijo Ba'indiye, ya daɗe yana kallon takardar digirina.

Na riga shi magana da Turanci: "Yallaɓai, kada ka dubi sunan makarantar. Jami'ar gwamnati ce, ba ma ta jiharmu ba, rashin gurbi ya kai ni. Malamanta ba abin da suka iya, ni na koya wa kaina aikin injiniya."

Ya cire tabarau, ya amsa min da Hausa tsantsa:

"Elkana, kai daga wata jiha ka je, ni daga Indiya. Shekara sha biyu na koyar a can. Don sunan makarantar na kira ka."