Jakar Ko-ta-kwana Mai Nauyi

"Ku fito, ruwa ya shigo gida!" Maigida ya ƙwalla ihu, ya sunkuci jakar ko-ta-kwana ya ɗora a ka.

Wata shida ke nan da ya haɗa ta: tocila, magani, biskit, kifin gwangwani. Kullum da safe sai ya ɗaga ta. In ya ji nauyi, hankalinsa ya kwanta, babu wanda ya taɓa.

Da ƙyar suka kai kan tudu, ruwa har ƙugu. Yana haki ya zuge jakar. Duwatsu ne fal!

Matarsa ta sunkuyar da kai. "Tocilar kawai na ara, na sa dutse ɗaya."

"Ni biskit na ɗanɗana," in ji mahaifiyarsa. "Nawa duwatsun ƙanana ne."

Maigida ya dafe kai. "Kun kashe ni! Gidan nan babu mai amana!"

Tsohuwar ta zura hannu can ƙasan jakar, ta jawo rabin bulo naɗe cikin singiletinsa.

"To ɗana, wa ya cinye kifin?"

Maigida ya ɗaga kai ya dubi sama. "Inna, kamar ruwan zai ɗauke fa."