Ramin Gero a Ɗakin Inna

A Kalmalo, shekarun da mahara ke saukowa daga arewa, rami muke ɓoye gero a ciki, a tsakar ɗakin Inna. Bakinsa ƙunci ne, sai yaro ke iya shiga. Ni ce ƙarama, don haka ni ce mai shiga.

Ran nan da la'asar Inna ta fasa yumɓun da aka liƙe bakin da shi tun kaka. Wani wari ya taso, mai tsami kamar tsohon kunu. Ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ƙafafuna har sun leƙa ciki, sai ga Baba ya dawo daga masallaci.

"Mi za ki yi da ɗiyar nan?"

"Gero za ta ɗebo, Malam. Ko da iska za mu yi tuwo?"

Baba ya matso. Ya kwance igiyar daga jikina, ya ɗaura wa fitilar aci-balbal, ya kunna, ya zura ta a hankali. Ina kallo harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu. Ko rabin ramin ba ta kai ba.

"Inda wuta ta kasa numfashi, ɗan Adam ba ya yi," in ji shi. "Ku ɗage asabari, ku yi ta fifita."

Inna ta zube ƙasa, ta damƙe ƙafata har na ji zafi.

Yanzu ana cewa na cika faɗa a kan rufaffen ɗaki. Su faɗa. Ba a ƙugunsu aka ɗaura igiyar ba.