Sunan Ɗan Fari

Tun da gidauniyar sulhu ta ƙasashen waje ta kawo na'urar mantuwa garin, doka ɗaya ce: ka ambaci sunan wanda yaƙin kan iyaka ya cinye maka, na'ura ta share shi daga zuciyarka. Sai kowa ya manta sannan za a buɗe kasuwar iyaka.

Inna Dije kaɗai ta rage. Yau ma ta ja ƙafa zuwa rumfar, ta zauna gaban ma'aikaciyar, wadda 'yar cikinta ce, Rakiya.

"Inna, don Allah ki faɗa mu huta," in ji Rakiya. "Yunwa ta ishi gari, masu tallafin ma sun gaji da jira."

"Ni ma na gaji, 'yar nan. Amma ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan yi rashin kunya? Ke ma ai kin sani, shi ya koya miki tafiya."

Rakiya ta dube ta da tausayi, ta gyara mata mayafi.

"Wa ke nan, Inna? Ai ni ce 'yar farinki."