Tungar Gishiri biyu ne

Maki goma ne idan na bi Malam, bulala shida idan na ƙi. Ina aji huɗu a Illo, da rana bayan hutun tara, ya tambaye ni inda Tungar Gishiri take, tsohuwar tashar jiragen ruwa.

Na ce, "Wacce, Malam? Biyu ne. Guda wajenmu, guda cikin Benin."

Ya buga taswira da sanda. "Ke ɗiyar nan, ɗigo nawa kika gani?"

"Guda. Amma kakata Inna a ta Benin aka haife ta. Ta ce da ruwa ya ci kasuwa, rabin mutane suka hau kwalekwale da gishirinsu da sunan garinsu, suka kafa sabuwa can, don wannan sunan ne fatake suka sani."

"Ki ce guda, ki zauna."

Har yau ina jin warin allin hannunsa. Na miƙa tafina na ce, "Biyu ne, Malam."

Yanzu shinkafa da busasshen kifi nake sara, kuma na sha ɗaure jirgi a tashoshin biyu. Ran nan na rasa maki goma, hannuna ya kwana uku a kumbure. Garin Inna kuwa ban ba da shi ba.