Tabon Sallah a Gaɓar Kogi

Hayaƙin gidajen da aka ƙone a gefen Kafanchan yana bayansu. Jamiluddeen yana tuƙa kwalekwale cikin duhu don ya tsallakar da Tamar zuwa ƙauyen iyayenta, jinin saran da aka yi masa a kafaɗa yana ɗiga cikin ruwa. A tsallake, tocilan samari suna kai da komo.

Tamar ta dangwalo laka daga ƙasan jirgin. "Kawo goshinka in rufe tabon sallar nan. In sun tambaye ka, kai Kirista ne, sunanka Samson. Ka karanta musu Addu'ar Ubangiji yadda na koya maka."

Ya kama hannunta, ya tsoma a kogin har lakar ta wanke.

"In na yi musun Allahna yau don tsoron adda, gobe da sunan wa zan rantse miki ina sonki?"

Ta dube shi, ta tuna Bitrus, almajirin da ya yi musun Yesu kafin carar zakara, ta sunkuyar da kai.

Suna isa gaɓa, yayanta Azariya ya haska goshin. Ya fizgo Jamiluddeen, ya maka shi da ƙasa, ya take masa wuya.

"Nasu ne. Su suka ƙona mana coci."

Ya ɗaga adda. Tamar ta faɗa kan Jamiluddeen, ta rufe goshinsa da nata.

"Yaya, na sha ƙin aurensa saboda Yesu. Yau saboda Yesu na yarda. Sara, amma ka fara da ni."

Addar ta tsaya a sama, ba ta sauko ba.