Baƙon Cikin Ilu Mahauci

Tun da aka daina yanka cikin mutum a asibitocin Gusau, wani ɗan ƙwaron ƙarfe ake ba ka ka haɗiye, bai fi ƙwayar gero ba. Ilu mahauci ya kora nasa da kunu. Idanunsa sun yi ɗorawa, don tsakuwa ta toshe masa hanyar matsarmama.

"Baba, dubi bango," in ji Dakta Lubabatu, wadda ta ƙera ƙwaron. "Cikinka ne."

Bangon ya haskaka da hoton abin da ƙwaron ke gani. Tun yana saurayi Ilu ke yanke matsarmama daga jikin hanta yana wurgarwa, kada ta fashe ta ɓata nama, amma bai taɓa ganin mai rai ba. Sai ga wani lungu mai sheƙi kamar zinariya, yana motsi a hankali. Can ƙwaron ya tsaya gaban wata 'yar ƙofar tsoka.

"Dakata, 'yata," in ji Ilu. "Ba a shiga gida babu sallama."

Ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ƙwaron ya shiga, ya gurgure tsakuwar, koren ruwa ya kwararo.

"Yaushe zai fito?"

"Ba ya fitowa, Baba. Gadi zai riƙa yi maka."

Da ya koma gida aka ajiye masa tuwo. Ya wanke hannu, ya daɗe yana duban cikinsa, sannan ya ce, "To, bismillah, baƙo."