Yarinyar Da Ke Hira Da Firji

Tun da aka sallamo Aku daga asibiti bayan ta yi sanƙarau, gidan babanta tela ya yi tsit. Shekarunta uku, surutu ne ya ja mata wannan laƙabi. Yanzu kuwa sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

Ranar sallama likita ya ba uwarta takarda, ya ce a kawo yarinyar gwajin ji cikin mako biyu. Uwar ta ninke ta, ta cusa a aljihun keken ɗinki.

In yara suka zo kiran Aku wasa, sai ta dube su kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Ta wuce kicin, ta manna kumatunta a jikin firji, ta lumshe ido, tana wani gunji ƙasa-ƙasa, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. In firjin ya ɗauke, ta yi shiru. In ya tashi, ta ci gaba.

"Amaryar firji, yau me angon ya ce?" in ji kawunta, ana ta dariya.

Kaka ta ce, "Ku ƙyale mini ƙawata. Ciwo ne ya koya mata hankali."

Uwar dai hankalinta bai kwanta ba. "Baban Aku, yarinyar nan tsoro take ba ni. Jiya sau biyar ina kiranta."

"Miskilanci ne, a gidanku ta gado," in ji tela, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ba ta warke ba? Layin asibiti kike marmari?"

Wata rana da la'asar tiren kwanuka ya suɓuce wa uwar, ya tarwatse daidai bayan Aku. Kowa ya zabura, har kyanwa ta haure taga. Aku ko ƙiftawa ba ta yi ba. Tana zaune tana kallon bango, tana murmushi. Uwar ta je ta lalubo takardar nan. Wata bakwai ke nan da sallama.

Suka koma asibiti. Bayan gwaji da hoto, likita ya dubi uwar.

"Ba hira take da kowa ba," ya ce. "Motsin firjin kaɗai ke isa gare ta, ta ƙashin fuskarta. Sanƙarau kan taɓa can cikin kunne, wurin ya yi ta daskarewa. Da kun zo da wuri akwai aikin da za mu gwada. Yanzu kunnuwan duka biyu sun toshe."

Uwar ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Aku, ce Mama." Yarinyar ta ɗora tafinta a maƙogwaron uwar, tana jira ya sake motsi.

Jama'a, har yaushe za mu riƙa yaba shirun yaro muna kiransa hankali? Yaron da ya tashi daga ciwo ya daina wasa, ya daina amsa kira, neman taimako yake yi. In likita ya ce a dawo, a dawo ranar da ya faɗa. Sallama ba warkewa ba ce.